Tambayi Kawu: Kundi 15 na R.E.M. a memori guda, ta ina zan kama?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere, ina zaune a Dang. Yayana da ke aiki a Duwala ya aiko mini da memori cike da waƙoƙin wasu Amurkawa masu suna R.E.M., saboda na taɓa gaya masa ina son wata waƙarsu mai suna Everybody Hurts da na ji an ɗora a kan wani bidiyo. Da na buɗe sai na tarar da waƙoƙi kusan 200 a cakuɗe, ba farko ba ƙarshe. Na danna wasu, wata mai sanyi ce ƙwarai, wata kuma hayaniyar gita ce zalla. Ingilishina bai taka kara ya karya ba, da Faransanci muka yi makaranta. Abokin ɗakina ya ce in fara daga kundinsu na farko in bi a jere, wani kuma ya ce in nemi kundin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu in huta. Wanne zan bi?

Ɗalibi, Ngaundere

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su tukuna. Ka fara da kundin da waƙar da ta kama ka take ciki, wato Automatic for the People na 1992. Ka zauna da shi shi kaɗai, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, har sai kunnenka ya riƙa sanin waƙar da za ta biyo baya tun kafin ta shigo. Daga nan sai ka koma baya, zuwa shekarun ƙuruciyarsu. Na gaba suna nan suna jiranka, ba inda za su.

Amma ka fara sanin waɗanda kake sauraro. Mutum huɗu ne, sun haɗu a 1980 a Atens, wani ƙaramin garin jami'a a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, ba Atens ta ƙasar Girka ba. Michael Stipe ne mai waƙa, Peter Buck mai gita, Mike Mills mai gitar bes, wato mai kaurin sauti, da fiyano kuma shi ne ɗan amshi, sai Bill Berry mai ganguna. Buck yana tsaron wani shagon faifai ne lokacin da suka saba da Stipe, wanda ke yawan zuwa sayayya. Wasansu na farko sun yi shi ranar 5 ga Afrilu 1980 a cikin wata tsohuwar majami'a da aka daina ibada a cikinta. A wancan lokacin manyan gidajen rediyon Amurka ba sa kula irin kiɗansu, gidajen rediyon ɗalibai na jami'o'i ne suka riƙe su, su kuma suna yawo gari gari a cikin ƙaramar mota suna wasa a ƙananan wurare. Irin wannan kiɗa da ya taso ta bayan fage shi ne daga baya aka laƙaba wa suna alternative rock. Wani abu da nake girmama su a kansa: tun farko suka amince kowace waƙa sunan su huɗun za a rubuta a kanta, kuɗin kuma a raba daidai, ko wane ne ya kawo ta. A ganina shi ya sa suka shekara 31 tare, kuma da suka tashi rabuwa ranar 21 ga Satumba 2011 suka rabu ba kotu ba zage-zage.

Kundin nasu 15 ne, kuma sun rabu gida uku, biyar biyar. Na farko daga 1983 zuwa 1987, lokacin suna ƙarƙashin ƙaramin kamfanin I.R.S.: Murmur, Reckoning, Fables of the Reconstruction, Lifes Rich Pageant da Document. Na tsakiya daga 1988 zuwa 1996, bayan sun koma babban kamfanin Warner, duniya ta san su: Green, Out of Time, Automatic for the People, Monster da New Adventures in Hi-Fi. Na ƙarshe daga 1998 zuwa 2011, bayan mai gangunansu ya tafi: Up, Reveal, Around the Sun, Accelerate da Collapse into Now. Abin da ya ruɗa ka ke nan. Ka ji waƙar 1984 ta biyo bayan ta 2004, ita kuma ta 1994 ta faɗo a kansu, dole ka ce ba mutane ɗaya ba ne.

Don haka aikinka na farko ba sauraro ba ne, gyaran memori ne. Ka samu kwamfuta, ka buɗe folda 15, kowace ka sa mata shekara a gaban suna, misali 1992 Automatic. A cikin folda ka sa wa waƙoƙin lamba, 01, 02, har ƙarshe, yadda suke a jere a kundin. Jerin yana intanet, ba zai ci maka data mai yawa ba. Sannan ka kashe maɓallin nan na waya da ke tsallen-tsallen waƙa. Mutanen nan sun yi aikinsu ne a zamanin faifai da kaset, lokacin da ake zama a yi shawarar wace waƙa za ta buɗe fuska ta farko, wace ce za ta rufe ta biyu. Wanda ya hargitsa jerin ya zubar da rabin aikin. Kuma don Allah kada ka saurare su da lasifikar waya. Ba ta fitar da bes, alhali Mills ba rakiya kawai yake yi da bes ɗinsa ba, wata waƙar yake rerawa a ƙarƙashin waƙar. Ka sayi abin sawa a kunne ko da mai araha ne.

Ni na san kundin nan na 1992 ne ta hanyar sana'a. A shekarun 1990 ina da ɗan tebur a babbar kasuwar Garwa inda nake ɗaukar wa mutane kaset. Yawancin aikina wa'azi ne da Shata da makosa da waƙoƙin Indiya. Wani Ba'amurke mai koyarwa a wata makarantar sakandare ya kawo mini shi in juye masa, na nemi izini na ajiye kwafi. Kaset ɗin C-90 minti 45 yake ɗauka a kowace fuska, shi kuma kundin ya kusa minti 49, saboda haka in ka juye shi yadda yake, waƙar ƙarshe, Find the River, tana farawa zaren yake ƙarewa. Sai na riƙa cire Ignoreland, waƙar siyasa mai hayaniya da ke lamba ta takwas, don waccan ta samu wuri. Har yau ra'ayina bai sauya ba: Ignoreland ce kaɗai waƙar da kundin zai iya rayuwa ba tare da ita ba.

Ga yadda za ka same shi. Waƙa 12 ce. Drive ce ke buɗewa, da gita marar lantarki a hankali, muryar Stipe tana amsa kuwwa, gogen Turawa na shigowa kaɗan kaɗan, sai can tsakiya gitar lantarki ta tsaga shirun sau ɗaya ta koma. Wanda ya tsara gogen a wannan waƙa da wasu uku shi ne John Paul Jones, tsohon mai bes na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Led Zeppelin. Ta biyu, Try Not to Breathe, maganar tsoho ne da ya ga ya ci zamaninsa, ya shirya tafiya, yana roƙon kada a tuna shi cikin wahala. Ka lura, waɗanda suka rubuta wannan ba su wuce 'yan shekara talatin da wani abu ba, kuma a lokacin suna tsakiyar tashe, kundinsu na baya ya sayu miliyoyi. Kowa na jiran su fito da kiɗan rawa, sai suka fito da kundi kan mutuwa da tsufa da rashi, kuma ba su yi yawon wasa don tallata shi ba.

Everybody Hurts da kake so tana lamba ta huɗu. Bill Berry ne ya kawo mafi yawanta, kuma shi mai ganguna ne amma ya bar wa na'ura bugun. Sun ce don matasa suka yi ta, shi ya sa suka sauƙaƙa kalmomin, Ingilishin da ka yi a sakandare ya ishe ka. Tana magana ne da wanda duniya ta yi wa ƙunci har yana tunanin halaka kansa, tana ce masa ya daure, ba shi kaɗai ba ne, ya jingina da abokai. Idan ka ji ta a muhallinta, bayan waƙa ta uku mai fara'a da sauri, za ka ga nauyinta ya bambanta da yadda ka ji ta guntu a kan bidiyo.

Wadda na fi so ka ba lokaci ita ce ta shida, Sweetness Follows. Wani babban goge mai kaurin murya ne ke jan ta, gita na kuka can nesa, babu bugun ganga da zai ɗauke maka hankali. Maganar 'yan'uwa ce da suka yi nisa da juna, sai rasuwar iyaye ta tara su. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙofar gida yana kallon ɗan'uwan da suka shekara ba sa ga maciji, zai gane ta ko bai ji kalma ɗaya ba. Waƙa ta tara, Star Me Kitten, tana da sanyi amma akwai kalmar batsa a cikinta, kada ka saka ta a gaban manya ko yara. Daga nan sai ukun ƙarshe, waɗanda a wurina babu kundin rok da ya rufe da abin da ya fi su. Man on the Moon, kan wani ɗan barkwancin Amurka Andy Kaufman da ya rasu a 1984. Nightswimming, fiyanon Mills yana zagaye wuri ɗaya, ba ganga ko ɗaya, mutum yana tuna wankan kogi da dare a ƙuruciya, abin da ya wuce ba zai dawo ba. Mu da muka tashi a bakin Binuwai ba ma buƙatar a yi mana bayaninta. Sai Find the River ta rufe.

To me ya sa ban ce ka fara da na farkon ba, kamar yadda abokin ɗakinka ya ce? Saboda Murmur na 1983 kundi ne mai rufaffiyar ƙofa. Kyakkyawa ne, mujallar Rolling Stone ma ta zaɓe shi kundin shekara a gaban Thriller na Michael Jackson. Amma muryar tana nutse a cikin kiɗa, waƙoƙin kuma a jin farko suna kama da juna. Na ga matasa da yawa sun fara da shi, suka kai waƙa ta huɗu suka ce ba su ga abin da ake yabo ba, ba su sake waiwayar mutanen ba. Shi kuma kundin zaɓaɓɓu, irin In Time na 2003 ko babban nan mai waƙa 40 da suka fitar a 2011, matsalarsa ita ce yana ba ka waɗanda rediyo ta so ne. Waƙoƙi irin Try Not to Breathe da Sweetness Follows ba ka cika samunsu a can ba, alhali su ne suke sa mutum ya riƙe ƙungiya shekara da shekaru.

Idan Automatic ya zauna maka, mataki na biyu shi ne Lifes Rich Pageant na 1986. Mutane da yawa za su ce maka Document, ni na fi son ka bi ta nan. A wannan kundi ne furodusa Don Gehman ya matsa wa Stipe ya buɗe baki ya fito da kalmomi, ya kuma ɗaga ƙarar ganguna. Waƙoƙi biyun farko, Begin the Begin da These Days, da gudu suke shigowa, za ka ji samari masu jini a jika. Ta uku, Fall on Me, ita ce inda nake so ka kasa kunne sosai. A wurin amshi Stipe yana jan layinsa, Mills yana rera wasu kalmomi dabam da wani kari dabam a kansa, Berry kuma yana shigo da na uku a ƙasa, kowa da nasa amma ba mai taka wani. In ka saba jin Ɗanƙwairo da yaransa, yadda yake ɗauko baiti su karɓe su ƙara masa tun bai sauke ba, to kunnenka ya riga ya san wannan aiki. Da zarar ka kama muryar Mills a nan, za ka riƙa jin ta a duk sauran kundayen, kuma rabin daɗin R.E.M. a wurinta yake. Waƙa ta huɗu, Cuyahoga, sunan wani kogi ne a jihar Ohayo da dattin masana'antu ya yi wa yawa har ya kama da wuta a 1969, waƙar kuma tana tuna mutanen asali da aka raba da ƙasarsu a bakinsa.

Sai Document na 1987. Da shi suka fara aiki da furodusa Scott Litt, wanda ya zauna da su har 1996, kuma da shi suka fara shiga goman farko a jadawalin waƙoƙin Amurka, da The One I Love. Gargaɗi ɗaya: kada sunan ya ruɗe ka ka tura wa yarinyar da kake nema. Waƙar mugun mutum ce da ke cewa wadda ya bari abin rage lokaci ce kawai a wurinsa. Amurkawa da yawa sun yi ta sadaukar da ita ga masoyansu a rediyo ba su saurari abin da take cewa ba.

Yanzu ka isa Murmur, kuma yanzu zai buɗe maka. A nan ne zan amsa damuwarka ta Ingilishi. Ɗana, waɗanda aka haifa da Ingilishi ma ba su jin abin da Stipe ke faɗa a wannan kundi. Yana tauna kalmomi, yana haɗiye rabinsu, wasu layukan ma ba jimla ba ce, sauti ne da ya dace da karin. Shekara da shekaru ba sa buga kalmomin waƙa a jikin kundi. Waƙa ɗaya tak suka buga a Green, sai a Up na 1998 suka fara bugawa gaba ɗaya. Saboda haka kai da ɗalibin Jojiya na 1983 kusan matsayinku ɗaya. Abin da za ka bi shi ne gitar Buck. Ba ya yawan kaɗa tsirkiyoyi gaba ɗaya, tsinkar su yake ɗaya bayan ɗaya da sauri, sautin na fita tas kamar ƙararrawa, kuma ba ya tsayawa nuna bajinta shi kaɗai yadda masu gitar zamaninsa suke yi. Ka fara da Radio Free Europe, wadda ita ce waƙarsu ta farko da ta fita tun 1981 suka sake ɗaukar ta, sai Perfect Circle mai fiyano. A Talk About the Passion, waƙa kan yunwa, akwai ɗan layi da Faransanci, a nan kai ne za ka riga Ba'amurke ganewa.

Ragowar biyun na farko ba sai na tsawaita ba. Reckoning na 1984 ƙanen Murmur ne mai sakin fuska, ka nemi So. Central Rain. Fables na 1985 a Landan suka ɗauke shi cikin sanyi da ruwan sama da kewar gida, har suka kusa watsewa, kuma ana jin nauyin a cikinsa. Amma akwai Driver 8, waƙar direban jirgin ƙasa da ya gaji. Ranar da za ka hau jirgin dare zuwa Yawunde ka tafi da ita. Green na 1988 rabi wasa ne rabi siyasa. Orange Crush da ke ciki tana magana ne kan gubar da sojan Amurka suka fesa wa dazuzzukan Biyetnam. Galibin sauran kundayen za ka ga bayaninsu a amsoshi biyu da ke ƙasa. Ka gaishe mini da yayanka, ya yi maka kyauta mai kyau.

TAMBAYA

Kawu ina wuni. Ina karatun aikin jinya a Injamena. Ina jin wata waƙar R.E.M. mai suna Losing My Religion a waya, sai yayana da ya yi karatu a Najeriya ya ji sunan, ya ce waƙar barin addini ce, in goge ta. Ni kiɗan ne ya burge ni. Gaskiya ne abin da ya faɗa?

Ɗaliba, Injamena

AMSA

Lafiya lau 'yata. Yayanki ya yi abin da ya kamata babba ya yi, ya ji suna mai tayar da hankali ya tsawatar. Sai dai waƙar ba ta addini ba ce. A bakin mutanen kudancin Amurka, inda mawaƙan suka fito, wannan magana tana nufin haƙurin mutum ya ƙare, an kai shi bango. Stipe da kansa ya bayyana cewa waƙar mutum ce da ke son wani, ya kasa faɗa, yana ta auna kowace kalma da kowane kallo, yana tsoron ya faɗi da yawa ko ya faɗi kaɗan. Kiɗan da ya kama ki kuma mandolin ne, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya takwas bibbiyu. Buck bai daɗe da sayensa ba, yana koyon kaɗawa ne karin ya zo masa. Waƙar ta fito a 1991 a kundin Out of Time, ta kai lamba 4 a Amurka, wanda shi ne matsayi mafi girma da wata waƙarsu ta taɓa kaiwa a can, kuma a 1992 suka karɓi kyautar Grammy uku, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka. Ita ce kuma waƙar da su huɗun suka sake haɗuwa suka rera a watan Yunin 2024, lokacin da aka karrama su a matsayin marubuta waƙa.

Abu ɗaya zan gaya miki tsakani da Allah: bidiyon waƙar yana da hotunan mutane masu fukafukai da siffofi da aka ɗauko daga zanen addinin Kirista da na Hindu. In yayanki ya gan shi zarginsa ƙaruwa zai yi, ke ma ba lallai ya kwanta miki ba. Sautin kaɗai ya wadatar. Ki yi masa bayani cikin ladabi. In ya ce duk da haka ba ya son jin ta, kada ki saka ta a gabansa, waƙa ba ta kai a ɓata zumunci a kanta ba. Hukuncin sauraron kiɗa shi kansa kuma na malamai ne, ba na wannan fili ba.

Tunda mandolin ne ya ja ki, a cikin Out of Time ki nemi Half a World Away. Ki kuma saurari Country Feedback, wadda a wurina ta fi duk sauran waƙoƙin kundin. Shiny Happy People ta yi tashe, amma su kansu ba su saka ta a kundin zaɓaɓɓunsu na 2003 ba.

TAMBAYA

Kawu barka da aiki. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Marwa da Kusuri. Wani fasinja ya tura mini kundin R.E.M. mai suna Around the Sun ya ce manyan mawaƙa ne. Na saka, kafin Mora barci ya fara ɗibata, na kashe. Shin haka duk waƙoƙinsu suke? Ni mai ƙarfi nake so wanda zai hana ni gyangyaɗi.

Direba, Marwa

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Fasinjan nan ya ba ka mafi rauni a cikin 15. Ba ni kaɗai na faɗa ba, Peter Buck da kansa ya fito daga baya ya ce kundin na 2004 bai yi ba, sun gaji da waƙoƙin tun kafin su gama ɗauka. Leaving New York ce kawai zan ce ka ajiye.

Dalilin yana da tarihi. Ranar 1 ga Maris 1995 suna tsakiyar wasa a Lozan ta ƙasar Suwizalan, jijiyar jini ta fashe a kan Bill Berry, aka yi masa tiyata ya tashi. A wannan yawon wasan dai aka yi wa Mills aiki a ciki, aka yi wa Stipe na gwaiwa. A 1996 suka sake sa hannu da Warner a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 80, amma a watan Oktoba 1997 Berry ya ce ya gaji, zai koma gona. Sharaɗinsa ɗaya: in tafiyarsa za ta wargaza ƙungiyar, zai zauna. Suka yi masa alkawarin ci gaba. To Berry ba mai ganguna kawai ba ne, marubucin waƙa ne, kuma shi ne mai cewa wannan ta yi tsawo a rage. Da ya tafi sai suka koma ga na'urori da kiɗa mai jan jiki. Up na 1998 yana da kyau ga mai zaune a ɗaki da dare, At My Most Beautiful tana ciki. Reveal na 2001 yana da Imitation of Life. Amma ba ɗaya daga cikinsu da zan ba mai riƙe da sitiyari.

Naka shi ne Accelerate na 2008. Sun yi shi ne da zafin sukar da suka sha a kan wancan, waƙa 11 cikin ƙasa da minti 35, gita da ganguna tun daga daƙiƙar farko, Mills kuma ya dawo da amshinsa. Bayansa ka sa New Adventures in Hi-Fi na 1996, na ƙarshe da suka yi su huɗu. Yawancinsa a kan hanya aka ɗauke shi, a wuraren wasa da lokacin gwajin sauti na yawon 1995, shi ya sa yake da ƙurar tafiya a jikinsa, kuma ya fi awa ɗaya. The Wake-Up Bomb da Departure za su buɗe maka ido. Ka sani tun yanzu cewa waƙar Leave tana da wani sauti mai kama da jiniya da ke tafiya kusan tsawonta duka, fiye da minti 7 ce, kada ka ji shi ka taka birki a tsakiyar titi. Monster na 1994 shi ma mai ƙara ne, sai dai wasu waƙoƙinsa na maganar sha'awa ne, ban so ka saka shi da fasinja a mota. Akwai Let Me In a ciki, wadda Stipe ya yi wa abokinsa Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana da ya rasu a watan Afrilun shekarar, wannan ka ji ta kai kaɗai.

Ka je wurin masu tura waƙa a tasha ka ce a sa maka Accelerate, New Adventures in Hi-Fi da Lifes Rich Pageant, a wannan jeri, kowanne a foldarsa. A lasifikar mota za ka saka, ban da abin kunne kana tuƙi. In kuma barcin ya zo da gaske tsakanin Waza da Dabanga, ka samu wuri mai jama'a ka tsaya ka wanke fuska ka sha shayi, kada ka dogara da waƙa.